Tarihin Iyakar Lamba a Kwamfuta da Saɓanin Manyan Manhajoji

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da suka daɗe suna ci wa maginan manhaja tuwo a ƙwarya akwai wata da kan zo a ɓoye. Mutum zai rubuta jerin umarni, ya gwada shi a kan kwamfutar da ke ɗauke da Linux, ya samu amsa daidai. Sai a ɗauki wannan rubutu, ba tare da an taɓa ko wasali ɗaya ba, a ɗora shi a kan Windows, amsar ta fito dabam. Wani lokaci ribar da aka lissafa ta koma bashi, wani lokaci lambobin wayar mutane ɗari su rikiɗe su zama lamba guda. Sau da yawa tushen wannan saɓani shi ne girman mazubin da kowace babbar manhaja ta tanadar wa cikakkiyar lamba.

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin al'amarin tun daga shekarun 1960 zuwa yau, tare da duban yadda ya shafi harkokin kuɗi da sadarwa a garuruwan Togo da Hausawa ke zaune, irin su Pagala da Sokode da Dapaong. A cikinta, "babbar manhaja" na nufin manhajar da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, kamar Windows da Linux da macOS. "Jerin umarni" na nufin ɗan gajeren rubutun da ake yi wa kwamfuta domin ta gudanar da wani aiki. "Cikakkiyar lamba" kuwa ita ce lambar da ba ta da ɓari, kamar 7 ko 500 ko 20,000.

2.0 Suna Ɗaya, Awo Dabam-Dabam

Bahaushe ya san wannan matsala tun kafin zuwan kwamfuta. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Sakkwato zuwa Gwanja sayen goro. Wasu su bi ta Nikki da Jugu su ratsa ƙasar Kotokoli, inda unguwar Didaure ta garin Sokode ta zama masaukin baƙin 'yan kasuwa Musulmi, wasu kuma su bi ta arewa su faɗa Mango, kafin duka su haɗu a Salaga. Kuɗin wannan zamani wuri ne. Ana ƙirga shi biyar-biyar a ƙasa, a tara shi tsibi-tsibi, idan ya kai 20,000 a ɗura shi a keso. Keso ya cika ke nan, duk wurin da ya ƙaru sai an nemo masa wani keson. Lokacin da Heinrich Barth ya isa Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500.

Kalmar "dala" ita kanta darasi ce. A Nijeriya ta yau, dala kuɗin Amurka ce. A bakin Bahaushen Maraɗi ko Damagaram, dala sefa biyar ce, saboda haka "dala ɗari" sefa 500 ke nan. Haka jaka: a Kano naira 200 ce, a Nijar kuma jika sefa 1,000 ce. Mudu ma bai taɓa zama ɗaya a kasuwanni ba, kowace kasuwa da girman nata. Falken da ya yi ciniki da sunan awo bai nemi ganin mazubin ba, ya saya wa kansa rigima. Abin da ya faru a duniyar kwamfuta bai wuce haka ba: an yi tarayya a suna, an saɓa a girma.

3.0 Mazubin Lamba a Cikin Kwamfuta

Kwamfuta ba ta san goma ba. Tana ajiye kowace lamba ne a cikin jerin ƙananan gurabe da ake kira bit, kowane gurbi kuwa 0 ne ko 1. Duk bit ɗin da aka ƙara, yawan lambobin da za a iya ajiyewa ya ninka. Bit 8 na ɗaukar lambobi daga 0 zuwa 255. Bit 16 na kaiwa 65,535. Bit 32 na kaiwa 4,294,967,295.

Idan ana son a ajiye har da lambobin da ke ƙasa da sifili, sai a raba mazubin biyu, rabi na sama rabi na ƙasa. A nan iyakar bit 16 ta zama 32,767, ta bit 32 ta zama 2,147,483,647, ta bit 64 kuma ta zama 9,223,372,036,854,775,807. Lambar tsakiya, wato biliyan biyu da miliyan 147 da 'yan kai, ita ce za ta yi ta dawowa a wannan tarihi.

Bambancin keso da mazubin kwamfuta shi ne abin da ke faruwa idan an cika. Keso idan ya cika kowa ya gani. Mazubin kwamfuta kuwa, a yaruka da yawa, juyawa yake yi shiru, kamar yadda awon tafiyar tsohuwar mota ke komawa sifili bayan ya ƙure. Idan aka ƙara 1 a kan 2,147,483,647, amsar da kan fito ita ce -2,147,483,648. Wannan shi ake kira ambaliyar lamba.

Girman bit 64 ya yi daidai da wani tsohon lissafi da malaman Musulunci suka sani. Ibn Khallikan, wanda ya fara rubuta kundinsa na tarihin mashahuran mutane a 1256, ya kawo labarin ƙwayar alkama da allon shaɗaranji mai gidaje 64: a sa ƙwaya ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa. Jimillar ita ce 18,446,744,073,709,551,615, wadda ita ce ainihin lamba mafi girma da bit 64 ke ɗauka idan ba a ware wa ƙasa da sifili komai ba.

4.0 Mafarin Saɓani: 1964 zuwa 1989

A farkon zamanin kwamfuta kowane kamfani da mudunsa. Na'urar CDC 6600 tana aiki da bit 60, PDP-10 da bit 36, PDP-7 da bit 18. Kamfanin IBM ne, da na'urarsa System/360 ta 1964, ya yaɗa tsarin haɗa bit takwas-takwas da mazubin bit 32.

A 1969 Ken Thompson ya fara gina babbar manhajar Unix a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka, a kan PDP-7. Daga baya aikin ya koma kan PDP-11 mai bit 16, kuma a nan ne Dennis Ritchie ya ƙirƙiro yaren C wajen 1972. Ritchie ya sa wa cikakkiyar lamba suna "int", amma bai yanke mata girma ba. Ya bar ta ta bi girman da kowace na'ura ta fi saurin sarrafawa. A lokacin wannan hikima ce, domin ma'adanar kwamfuta tana da tsada, kuma hakan ya sa yaren ya shiga kowace irin na'ura cikin sauƙi. Littafin da Brian Kernighan da Ritchie suka wallafa a 1978 ya nuna haka ƙarara: "int" bit 16 ce a kan PDP-11, bit 32 a kan IBM 370, bit 36 a kan Honeywell 6000.

Da aka zo daidaita ƙa'idojin yaren a 1989, ba a rufe wannan ƙofa ba. Abin da aka shar'anta kawai shi ne kada "int" ta gaza bit 16, kada kuma babbar yayarta mai suna "long" ta gaza bit 32. An faɗi mafi ƙarancin girman mudu, ba a faɗi girmansa ba. Tun da yake da yaren C aka gina Unix da Windows da Linux, da shi kuma aka gina yarukan rubuta jerin umarni irin su Perl da Python da PHP, sai wannan sassauci ya zama gado ga duk zuriyar.

5.0 Rabuwar Hanya Tsakanin Unix da Windows

Daga 1985, lokacin da Intel ya fitar da masarrafar 80386, duniya ta fara komawa bit 32. Windows NT ta 1993 da Windows 95 da Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, duk sun dace a kan cewa "int" da "long" bit 32 ne. An samu wajen shekara goma ana cin kasuwa da mudu ɗaya, har maginan manhaja da yawa suka ɗauka haka abin yake tun fil azal.

Zuwan masarrafai masu bit 64, irin su MIPS R4000 a 1991 da Alpha ta kamfanin DEC a 1992, ya sake tayar da tambayar. A tsakiyar shekarun 1990 manyan kamfanonin Unix suka tsaya a kan tsarin da ake kira LP64, inda "int" ta zauna a bit 32, "long" ta haura zuwa 64. Hujjarsu ita ce, tsofaffin manhajojin Unix sun saba ajiye adireshin ma'adana a cikin "long", don haka dole ta girma tare da adireshin. Linux da macOS sun bi wannan sahu.

Microsoft ya ɗauki wata hanya, wato LLP64, inda "long" ta ci gaba da zama bit 32 ko da a kan na'ura mai bit 64. Shi ma yana da hujja: dubban manhajojin Windows da tsarin fayilolinsu an gina su ne a kan cewa "long" bit 32 ce, canza ta zai rushe su. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Bayan AMD ya fitar da masarrafar Opteron a 2003, aka kuma fitar da Windows XP mai bit 64 a 2005, sai ya zamana kwamfutoci biyu masu masarrafa iri ɗaya, a kan tebur ɗaya, suna fahimtar kalma ɗaya ta fuska biyu.

6.0 Yadda Gadon Ya Shiga Jerin Umarni

Mai rubuta jerin umarni galibi ba ya faɗin girman lamba. Yana rubuta lissafinsa ne ya bar wa yaren sauran. Shi kuma yaren, a ƙarƙashin ƙasa, "long" ta babbar manhaja yake aro.

A yaren PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995 kuma aka gina shafukan intanet masu yawan gaske da shi, cikakkiyar lamba a kan Windows ba ta wuce bit 32 ba har sai da PHP 7 ya fito a Disamban 2015. A kan Linux mai bit 64 kuwa tuni ta kai 64. A Python 2, tambayar iyakar lamba kan ba da 2,147,483,647 a kan Windows, ta ba da lamba mai alƙaluma 19 a kan Linux. Python 3 na Disamban 2008 ya cire iyakar gaba ɗaya, amma NumPy, taskar lissafin da masu bincike ke dogaro da ita, ta ci gaba da amfani da bit 32 a kan Windows har zuwa fitowar NumPy 2.0 a Yunin 2024. Har yau umarnin lissafi na tsohon baƙin allon Windows a bit 32 yake tsayawa, alhali Bash na Linux yana lissafi da 64.

Akwai waɗanda suka ɗauki darasi da wuri. Yaren Java na 1995 ya yanke cewa "int" bit 32 ce, "long" bit 64 ce, a kan kowace na'ura. Ƙa'idar C ta 1999 ita ma ta kawo sunaye masu faɗin girmansu a fili. Sai dai sabuwar ƙa'ida ba ta goge tsohon rubutu, kuma tsohon rubutu shi ya fi yawa a bakin aiki.

7.0 Lambar Waya da Sefa: Pagala, Sokode da Dapaong

Hanyar fatake ta da ta kwanta daga gabas zuwa yamma. Ta yau ta miƙe daga kudu zuwa arewa: babbar hanya ta ɗaya da ta tashi daga Lome, ta ratsa yankin Blitta inda Pagala take, ta wuce Sokode da Kara da Mango, ta kai Dapaong kusa da iyakar Burkina Faso. Pagala ta samu tashar jirgin ƙasa lokacin da Faransawa suka ƙara layin dogo zuwa Blitta a farkon shekarun 1930. Hatsi da doya da dabbobi na bin wannan hanya, kuɗinsu kuma a yanzu ta waya yake yawan tafiya. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin Togo ta ƙaddamar da shirin tallafi na Novissi, wanda ya riƙa aika kuɗi kai tsaye zuwa asusun waya na TMoney ko Flooz. A irin wannan tsari, lambar waya ita ce aljihun mutum.

Lissafi ya nuna inda haɗarin yake ga duk mai ajiye irin waɗannan lambobi. Lambar ƙasar Togo 228 ce. Kafin 2011 lambobin waya na ƙasar alƙaluma bakwai ne, saboda haka cikakkiyar lamba tare da 228 kan kama daga 2,280,000,000. Wannan ya ɗara 2,147,483,647 da kaɗan, amma bai kai 4,294,967,295 ba. Ma'ana, tana shiga mazubin bit 32 idan ba a raba shi biyu ba, tana ambaliya idan an raba. Da aka koma alƙaluma takwas a 2011, lambar ta haura biliyan 22, ta fi ƙarfin bit 32 ta kowace fuska. Alƙaluma takwas ɗin su kaɗai kuwa suna shiga lafiya lau. Don haka jerin umarni zai iya shekaru yana aiki ba tangarɗa, ranar da aka fara liƙa 228 a gaban lambobi ya watse a kan wata kwamfuta, ya ci gaba da aiki a kan wata.

A tsohon PHP na Windows, idan aka nemi a mayar da irin wannan doguwar lamba cikakkiyar lamba, ba juyawa take yi ba, tsayawa take a iyaka. Kowace lamba sai ta koma 2147483647. Wannan ne ya sa ake cin karo da ita a shafukan intanet da dama a matsayin lambar waya, musamman da yake 214 na cikin lambobin birnin Dallas na Amurka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: lambar Nijar mai farawa da 227 da ta Nijeriya mai farawa da 234 duk sun fi ƙarfin mazubin, haka ma lambar BVN mai alƙaluma 11 da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014.

Ta fuskar kuɗi ma iyakar ba ta da nisa. Ana canjin yuro ɗaya a kan sefa 655.957, don haka sefa 2,147,483,647 ba ta wuce yuro miliyan 3.3 ba. A ɗauka wata ƙungiyar 'yan hatsi ta lissafa buhu 50,000 a kan sefa 50,000 kowanne. Babu babbar lamba a cikin biyun, amma idan aka ninka su amsar 2,500,000,000 ce. A mazubin bit 64 haka za ta fito. A mazubin bit 32 mai juyawa, abin da zai fito shi ne -1,794,967,296. A Nijeriya, inda manhajojin biyan kuɗi kan yi lissafi da kwabo, iyakar ta tsaya a naira 21,474,836 da kwabo 47, kuɗin da bai kai na tirela ɗaya ta shinkafa ba a yau.

Masu tura fina-finai a waya ma sun san wani reshe na matsalar. Katin ajiya mai tsarin FAT32, wanda ya fito a 1996, ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit huɗu ko da akwai sarari, domin da bit 32 yake rubuta girman fayil.

8.0 Haɗurran da Tarihi Ya Rubuta

Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Ariane 5 ta Turai ta tashi karon farko daga Kourou, ta tarwatse cikin kimanin daƙiƙa 40 tare da taurarin ɗan'adam huɗu. Kwamitin bincike ƙarƙashin Jacques-Louis Lions ya gano cewa an ɗauko wata manhaja daga Ariane 4, wadda ke ɗura wata lamba mai bit 64 a mazubin bit 16. A tsohuwar rokar lambar ba ta taɓa wuce 32,767 ba. Sabuwar ta fi ta gudu, lambar ta wuce. Na'urar ko-ta-kwana ita ma manhajar ce a cikinta, sai suka mutu tare.

A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin lantarki na jirgin Boeing 787 za su iya ɗaukewa idan aka bar su a kunne kwana 248 ba hutu, saboda ambaliyar wani ma'ƙirgi na ciki. Kafin nan, Windows 95 da 98 kan daskare bayan kwana 49.7, daidai lokacin da ƙidayar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ke cika bit 32. A Disamban 2014 YouTube ya sanar da cewa ya mayar da ma'ƙirgin kallo zuwa bit 64, lokacin da bidiyon Gangnam Style ya haura kallo 2,147,483,647.

Misalin da ya fi nuna tasirin hukuncin Microsoft shi ne na 1 ga Janairu, 2022. Manhajar saƙonni ta Exchange tana rubuta lambar sabuntawa da tsarin kwanan wata. Ta ƙarshen 2021 tana farawa da 21, tana shiga. Ta sabuwar shekara ta zama 2201010001, ta fi ƙarfin "long" ta Windows, saƙonnin imel suka maƙale a ma'aikatu a faɗin duniya har aka fitar da gyara.

9.0 Alƙawarin 2038

Unix tana ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga farkon 1 ga Janairu, 1970. A na'urar da ke ajiye wannan ƙidaya a bit 32, mazubin zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 3:14:07 na dare agogon GMT. Togo a kan wannan agogo take, don haka a Pagala da Sokode da Dapaong lokacin ke nan daidai, a Kano da Maraɗi kuwa ƙarfe 4:14:07 na asuba. Daƙiƙa ɗaya bayan haka, na'urar za ta ɗauka ana 13 ga Disamba, 1901. Kwamfutoci da wayoyi masu bit 64 sun tsira, kuma tun daga Linux 5.6 na 2020 an buɗe wa masu bit 32 hanyar tsira. Abin fargaba shi ne ƙananan na'urorin da ake kafawa a manta da su shekara ashirin, da tsofaffin rumbunan bayanai da ba wanda ya sake leƙawa.

10.0 Kammalawa

Tarihin ya nuna cewa saɓanin bai samo asali daga kuskuren mutum ɗaya ba. Ritchie ya bar girman lamba a buɗe don yarensa ya shiga kowace na'ura, kamfanonin Unix da Microsoft kuma kowanne ya kare kayan da ya riga ya gina. Abin da maginan manhaja suka koya daga baya abu ne da falke zai gane nan take. Lambar waya da ta asusun banki da BVN suna ne, ba adadi ba, domin ba a tara su ba a ninka su, saboda haka a matsayin rubutu ake ajiye su, wanda kuma ke kare sifilin farko daga ɓacewa. Kuɗi da lokaci ana ba su mazubin bit 64 da aka ambaci girmansa a fili. Jerin umarnin da za a yi aiki da shi a kan manyan manhajoji biyu kuwa ana gwada shi a kan kowacce, da lambobin da ke gab da iyaka: 46,340 idan aka ninka ta da kanta tana shiga bit 32, 46,341 ba ta shiga.